Kanibon unguwarmu na wa ne?

Duk wanda ya kwana Maradi ranar Juma'a 30 ga watan Agusta 2024 ba sai an ba shi labari ba. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi kamar yadda gwamna ya sanar, mutum 15 sunka rasu cikin gari, gidajen ƙasa sunka zube, motoci da babura ruwa ya ja su kamar kara. Ka tuna fa garin nan damina gaba ɗayanta wajen milimita 500 take ba mu in an yi ta daidai, ke nan fiye da rubu'in ruwan shekara ya zubo tsakanin sallah da sallah. A ƙasa baki ɗaya daminar nan ta ci rayuka kusan 400, mutum sama da miliyan ɗaya da rabi abin ya shafa, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi farkon Satumba, komawa lakwal ma sai da anka ɗage ta zuwa 28 ga Oktoba don azuzuwa sun cika da waɗanda ba su da wurin kwana.

Abin da ni dai ban manta ba shi ne su wa sunka fara fitowa. Maƙwabta ne. Samarin fada da kullum ake zagi ana cewa ba su da aiki sai shayi da karta, su ne da shebur da fitilar salula suna fasa gindin katanga don ruwa ya samu hanya, suna goya tsofaffi. Da gari ya waye kuma duk wanda ɗakinshi ya faɗi ƙofar mai unguwa ya nufa, don nan ce ƙofar hukuma guda ɗaya da talaka ke iya zuwa da laka a ƙafa ba a ce mishi jira waje ba. Tun daga lokacin nake ta juya maganar nan a raina: in dai a unguwa masifar ke sauka, kuma unguwa ce ke fara tarbarta, to mi ya sa unguwar ba ta iya shiryawa tun kafin ruwan ya zo?

Bari mu fara da sama tukuna, don akwai abin da ke rikita dattawa kuma suna da gaskiya. Shekara da shekaru ana gaya musu hamada na tahowa, sun ga farin 1973 da idonsu, sun ga yunwar 1984 da ake kira El Buhari, mu kuma mun ga 2005 lokacin da ƴan jaridar duniya sunka cika Maradi suna ɗaukar hoton yara masu tamowa. Yanzu kuma an dawo ana ce musu ruwa ne ya yi yawa. To wanne za su kama? Duka biyun. Iska in ta ƙara zafi tana ƙara riƙe laima, wajen kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya, shi ya sa in hadari ya haɗu yakan zubar da kayan da ya fi na da nauyi a lokaci guda. Binciken da masana sunka fitar a 2017 da hotunan tauraron ɗan adam ya nuna manyan hadarurruka masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sai ka ga an yi sati biyu ko uku ba ɗigo, hatsi ya fara naɗe ganye, sannan dare ɗaya a zubo na wata guda. In an haɗa lissafi ƙarshen damina sai a ce ai ruwa ya kai, amma manomi ya san bai kai ba, mai gidan ƙasa kuma ya san ya wuce.

Amma in munka ɗora komai kan sama mun yi ma kanmu ƙarya. Ambaliya ba baƙuwa ba ce a Maradi. Asalin garin cikin fadama yake bakin gulbi, ruwan 1945 ne ya cinye shi, shi ya sa anka tayar da mutane anka hau tudu anka yanka tituna miƙaƙƙu, ka ga garin da muke ciki yau ma ambaliya ce ta haife shi. Abin da ya sauya shi ne tudun kanshi. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum sama da dubu 260, kuma kowa ya san inda gari ya kai yanzu, wuraren da iyayenmu sunka yi noma duk sun zama kare-kare an gina. Gona tana shan ruwa, kwano da siminti ba su sha. Duk gidan da anka rufa da kwano anka shafe tsakar gida, ruwanshi titi yake aikawa, titi ya miƙa ma na ƙasa da shi, haka har ya tattaru ya gangara wajen gulbi da ƙarfin da ke yanka kwari ya ci gindin gidaje. Ramukan da da can ake ɗibar ƙasar gini, waɗanda ke zama tabki su riƙe ruwa, da yawa an cike su da shara an yi gini bisa. Kanibon da ke akwai kuma, wato magudanar ruwa ta bakin titi, yashi da leda sun toshe shi. Dokar hana leda tun Nuwamba 2014 take, je kasuwa ka sayi tumatir na dala goma ka ga a cikin mi za a ba ka.

To a tsakiyar wannan duka ga mai unguwa. Mutane na raina muƙamin, ni kuwa ina ganin babu wanda ya san gari kamar shi. Ya san gidan da gwauruwa ke zamne da marayu, ya san ɗakin da ya tsage tun bara, ya san wanda ya tura katangarshi cikin hanyar ruwa da taku biyu da shekarar da ya yi hakan. Yana da sarki a bayanshi, yana da liman kusa, in ya aika mai shela mutane na fitowa. Tun da anka rushe majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024 anka naɗa masu riƙo, kansilan da kake iya tarewa a hanya ma babu shi, sai nauyin ya ƙara komawa kan mai unguwa. Abin da ba ya da shi kuma shi ne kuɗi da iko. Ba ya da ko baro ɗaya na hukuma. Ba shi ke yanka filaye ba, sau da yawa sai ya ga an fara zuba bulo a hanyar ruwa sannan ya san an sayar da wurin, in ya yi magana a nuna mishi takarda da hatimi. Kuma aikin da aka fi ba shi, wato rubuta sunayen waɗanda ruwa ya yi ma ɓarna, shi ne ke cinye mutuncinshi. Zai rubuta gida ɗari, a aiko da buhun da zai ishi talatin, sauran saba'in ɗin ba su ga wanda ya aiko ba, shi suke gani. Akwai masu unguwar da ke sa ƴan uwansu gaba a lissafi, wannan ba a ɓoye yake ba, amma ko mai gaskiyar cikinsu ba ya fita da farin jini daga rabon da bai kai ba. Baɗi in ya kira gayya wa zai amsa?

Nan ne nake ganin ya kamata mu ƴan birni mu sauke girman kai mu dubi ƙauye, don babban aikin gyaran ƙasa da duniya ke misali da shi yau a gonakin jihar nan ya fara, wato sassabin zamani. Farkon shekarun 1980 porje-porje sun kashe kuɗi mai yawa wajen raino da dasa itatuwa, mafi yawansu sunka mutu, rana ta ƙone wasu, awaki sunka ci wasu. Wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ɗin SIM a nan Maradi, shi ya lura wajen 1983 cewa ƴan tsirran da ke fitowa a gona waɗanda manomi ke sassabewa kowace bazara ya ƙone, ai ba ciyawa ba ce, kututturan itatuwan da anka sare ne da saiwarsu na nan da rai cikin ƙasa. Ba sai ka dasa ba. Ka zaɓi reshe ƙwarara kaɗan a kan kututture, ka rage sauran, ka bar su su tashi. Kalgo, sabara, gawo, aduwa, magarya. Lokacin yunwar 1984 anka haɗa abin da rabon abinci, wanda ya bar icce a gonarshi ya samu hatsi, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa sunka koma sunka sare abinsu. Ka riƙe wannan, za mu dawo kanshi. Waɗanda sunka bari sai sunka ga iska ta daina binne shuka da yashi, ga makamashi kusa mace ba sai ta yi tafiyar yini ba, ga ganye na dabba, ƙarƙashin gawo kuma hatsi ya fi kyau don shi da damina yake zubar da ganyenshi ba ya tare rana. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 tsakanin Maradi da Damagaram, har Rinaudo ya samu lambar yabo ta duniya a 2018 tare da Yakuba Sawadogo na Burkina Faso.

Masu ba da labarin nan sun fi son su tsaya kan baturen da dabarar yanke reshe. Ni a ganina dabarar ba ita ce asirin ba, manoma sun san kututture na tohuwa tun kaka da kakanni. Abin da ke hana su bari shi ne doka. Da can icce na gwamnati ne ko da cikin gonarka ya tsiro, in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to wane mahaukaci ne zai yi renon abin da zai jawo mishi tara? Gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Sai da riƙon nan ya sassauta, manomi ya tabbata iccen da ya rena nashi ne, zai sassaƙa ya sayar, sannan abin ya bazu, daga baya ma gwamnati ta tabbatar da haƙƙin a rubuce da dokar da ta fito a 2020. Kuma inda abin ya fi kama ƙasa, kamar Ɗan Saga wajen Agiye, mutanen gari ne da kansu sunka kafa kwamitin tsaro, da mata da makiyaya a ciki, sunka sa ƙa'ida kan wanda ya shiga gonar wani ya sare icce da dare. Kowane icce da mai shi, kowace ɓarna da inda ake kai ƙara.

Yanzu dawo cikin gari ka tambaya, kanibon da ya bi ta ƙofar gidanka na wa ne? Za a ce na meri ne, wato hukumar magajin gari. Meri kuma ta ce ku ke zuba shara, ku kwashe. Abin da ba shi da mai shi kowa juji yake maida shi. Haka dashen 3 ga Agusta, kowace shekara manya su zo da kyamara a dasa, a zuba ruwa da buta sau ɗaya, kafin watan Maris ba ko ɗaya. Amma dubi bedin da tsoho ya dasa ƙofar gidanshi ya kewaye da ƙaya ko tsohon bulo, yana zuba mishi ruwan alwala sau biyar a yini, wannan ba ya mutuwa. Inuwar da ke cikin tsofaffin unguwanni irin su Bagalam da Mokoyo da Ƴan Daka yawancinta haka ta samu.

Gayya ma da muke ta kira a dawo da ita, mu tuna yadda take aiki a asali. A gona gayya bashi ce: yau an yi taka, gobe kai ma ka je ta wani, mai gona ya yi fura da tuwo, makaɗi na zuga samari, wanda ya ƙi fita kuma ranar tashi ba ya ganin kowa. Akwai lada akwai kunya. Zamanin mulkin soja na Kunce anka ɗauki ƙungiyar samariya anka yi mata gata, ta gina azuzuwa ta share gari, dattawa har yau suna yabon lokacin, sai dai sukan manta akwai tsoron soja a bayan abin, da tsoron ya kau aikin ya kwanta. Birnin yau kuma rabin layi ƴan haya ne da ba su san ko baɗi suna nan ba, mai gidan yana Yamai ko Kano. Sannan ga abin da porje sunka koya mana, aiki don kuɗi, aiki don abinci. Ba na zargin wanda ya karɓa, yunwa ba ta da kara. Amma sakamakon shi ne yanzu in mai unguwa ya ce a fito yasar kanibo, tambayar farko nawa za a ba da, in an ce babu sai a yi zaton an ba da ne ya danne. Daidai abin da ya faru da itatuwan 1984 ke nan, abin da anka yi don buhu yana ƙarewa tare da buhun.

Wani abin ban haushi, masu tsarin da ya fi kowane ƙarfi a unguwa su ne ba a kira in za a yi shawara. Mata Masu Dubara a jihar Maradi anka fara ta a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, yau ƙasashe da dama sun kwafi tsarin. Mata su taru duk sati, kowa ta zuba abin da anka yanke, akwati da makulli a hannun mutum daban-daban, a ƙirga kuɗi gaban kowa, wadda ta makara ta biya tara ba gardama. Shekara sama da 30 abin na tafiya. Su ne kuma sunka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya, su ke kwana asibiti da yaro in zazzaɓin sauro ya tashi bayan ruwa, su sunka ga kwalarar 2021. Amma taron ƙofar mai unguwa bayan la'asar maza ne zalla, a yi ta magana a watse da fatiha ba a tara ko dala ba. Yi lissafi da kanka, layin da ke da gida 200, kowane gida dala ashirin a sati, jika ashirin ke nan duk sati. Ya isa a biya mai amalanke ya kwashe shara, a sayi shebur da baro, a ba samarin fada ɗan na shayi bisa aikin da kowa ya gani. Matsalar ba kuɗin ba ne, wa zai riƙe su ne, kuma amsar tana cikin gidajenmu muna tsallake ta. Da ni ne mai unguwa, akwatin hannun matan asusu zan sa shi, ni in tsaya ga abin da na iya, wato kira da sulhu da kunyata wanda ya ƙi. A kuma raba kanibon gaɓa-gaɓa, daga wannan kwana zuwa waccan na gidaje kaza ne da sunansu, kamar yadda kowane gawo ke da mai shi.

Sai dai kar mu ruɗi kanmu, akwai inda gayya ke tsayawa. Ruwa bai san iyakar unguwa ba. Abin da muke yi yanzu, kowa ya jera buhunan yashi ƙofar gidanshi ko ya ɗaga dakali, ba maganin ruwa ba ne, tura shi ne gidan maƙwabci, kuma wanda ya fi kuɗi ya fi tsawon dakali, ƙarshe ruwan gidan wanda ba ya da ko buhun yake kwana. Haka tsakanin unguwa da unguwa. In na tudu sunka yashe nasu tsaf sunka buɗe hanya, na gangare ba su shirya ba, to gudun ruwan sunka ƙara musu. Ke nan masu unguwannin da hanyar ruwa ɗaya ta ratsa ya kamata su zamna tare tun daga sama har gulbi, kuma wannan zaman fadar sarki ce kaɗai ke da girman da za ta kira shi kowa ya zo. Gulbin kanshi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ga dam ɗin Jibiya a kanshi, wannan kuma maganar ƙasa da ƙasa ce. Manyan magudanai, ɗaure bakin kwari da dutse da waya, hana yanka fili cikin tabki, samar ma wanda anka ce ya tashi wani wurin da zai koma, ba aikin shebur ba ne. Ina jin tsoron yadda kalmar "al'umma ta tashi tsaye" ke daɗi a bakin manya, don wani lokaci ma'anarta ku ji da kanku. Mutanen da ke biyan haraji da patanti suna da haƙƙin su ga kanibo.

Ta wajen duniya ma haka ne. Afirka gaba ɗaya hayaƙin da take fitarwa mai ɗumama duniya bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, rabon Nijar a ciki kuwa ba a ko maganarshi. A taron duniya kan sauyin yanayi da anka yi a Masar a 2022 anka amince da asusun biyan asara da ɓarna. Matar da ɗakinta ya faɗi a Maradi ba ta san da shi ba, kuma ko kuɗin sun taso sai sun bi ta hannu nawa kafin su iso layinta. Wannan ma dalili ne na a ce unguwa tana da lissafinta a rubuce tun kafin masifa, gida nawa ne na ƙasa, wanne ke bakin kwari, wa za a fara ɗaukewa, wace makaranta ko masallaci za a nufa, a karanta shi gaban jama'a kowa ya ji. Ranar da taimako ya zo, ko daga ina yake, ba a fara rubutun suna cikin hayaniya ba, shi ma mai unguwa ya huta da zargi.

Ban ko taɓo zafi ba, wanda shi ba ya rushe katanga balle a ɗauki hotonshi. Afrilun 2024 garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, mu ma nan mun san yadda ɗakin kwano ke zama tanda a watan nan, tsofaffi da jarirai ke fara jigata, ga wuta na ɗaukewa. Maganin da ke hannun unguwa shi ne dai inuwa da ruwan sha da leƙa tsohon da ke zamne shi kaɗai. Mu kuma ke cin dajin Baban Rafi a murhu kullum, ko da yake gas na matatar mai ta Soraz ya rage wani abu ga mai halin sayen tukunyar.

Bana da anka yi yasar kanibo a layinmu na fita, kuma an yi aiki ba laifi, samari sun shiga har gwiwa. Kuskure biyu na gani. Na farko an yi shi cikin Yuli bayan ruwa ya riga ya sauka sau uku, alhali aikin na watan Mayu ne lokacin da yashin ke bushe ba nauyi ba wari. Na biyu, duk abin da anka fiddo bakin kanibon anka tara shi tsibi-tsibi ana jiran motar da za ta zo ta kwashe. Na ce ma mai unguwa, Baba, ranka ya daɗe, ko mu nemi masu amalanke mu biya su da kanmu? Ya ce a bari a ga motar tukuna, an yi mishi alkawali. Kwana huɗu tsakani anka yi ruwa da dare, da safe tsibin babu ko ɗaya, duk ya koma inda ya fito.